Sunan Da Na Soke Da Hannuna

Zuwa ga Mai Girma Ɗan Majalisar Wakilai mai wakiltar mazaɓarmu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da girmamawa, ina yi maka barka da komawa gida, da fatan ƙafar da ta kawo ka asibiti a Alƙahira ta yi sauƙi. Sunana Sagir, ɗalibin Shari'a, mazaunin unguwar Ainu Shams a nan Alƙahira. Ni ne dogon nan da ya yi jawabin godiya a masaukinka na Ma'adi, har ka ce bakina ya dace da siyasa. Na zaɓi in rubuta a fili ne domin a fili aka yi abin, kuma da hannuna a ciki dumu-dumu.

Na farko, abin da ya faru. Kafin ka gayyace mu cin abinci, hadiminka ya kira ni ya ce in rubuto sunayen ɗaliban mazaɓa, saboda tallafin karatun da ka yi alkawari. Na rubuta, na aika. Sai ya dawo mini da takardar, ya ce 'yan asali kaɗai ake so, masu takardar shaidar ƙaramar hukuma. Na ɗauki biro na ja layi a kan sunan Munzali, abokin da muke ɗaki ɗaya shekara huɗu. Wallahi har wani daɗi na ji a raina, wai ni ne aka ba amanar tantancewa.

Ranar Juma'ar da ka gayyace mu, Munzali bai san komai ba. Ya goge kaftaninsa, ya ara mini hularsa don tawa ta koɗe, muka hau jirgin ƙasa na metro tare tun daga Ainu Shams, yana ta maimaita gaisuwar da zai yi maka. A bakin ƙofa hadiminka ya karanta sunayen da ke takardar nan, nasa babu. Ya juyo ya dube ni, ni kuwa na sunkuya ina gyara takalmin da babu abin da ya same shi. Abin da ya faɗa kawai shi ne ma'alish, wato ba komai, ya juya. Na shiga na ci kaza, na yi jawabi da hularsa a kaina. Da na koma gida bayan la'asar, na tarar ya rufe mini rabona na wake da burodi, ko da ban ƙoshi a can ba.

Na biyu, ranka ya daɗe, wace ce mazaɓar nan da kake wakilta? Lokacin da nake firamare, ƙauyuka ne da gonakin dawa, birni kuwa sai an hau mota. Yau birni ya zo har ƙofar gidanmu. Gonaki sun koma fulotai, fulotai sun koma unguwanni, cike da malaman makaranta, da direbobi, da ma'aikatan asibiti, da 'yan kasuwar da tsadar haya ta koro daga cikin gari. Su ke sayen bulon da yaranmu ke bugawa, su ke hawa Adaidaita Sahun samarinmu. Ban san adadinsu ba, ba kuma zan ƙirƙira ba. Kai ka fi ni sani, domin lokacin zaɓe a sababbin unguwannin nan ka fi daɗewa, kuma ban ji ance ka tambayi kowa takardar asali kafin ya dangwala maka ba.

Mahaifin Munzali yana cikin na farkonsu. Malamin makaranta ne da aiki ya kawo shi daga wata jiha. A unguwar aka haifi Munzali, a nan aka yanka masa rago, a nan katin zaɓensa yake. Garin da ake cewa nasu ne, sau biyu ya taɓa zuwa, duka gaisuwar mutuwa.

Na uku shi ne wanda ya fi yi mini nauyin faɗa. Filin da gidansu Munzali yake kai gonar kakana ce. Mahaifina ya fara yanka ta ya sayar wa mahaifinsa, ragowar da ya sayar daga baya kuma ita ta kawo ni Masar. Wato mun sayar musu da ƙasar, mun riƙe takardar. Su ne suka haɗu suka yi wa layin magudanar ruwa, mahaifinsa ne ya koya wa ƙannena karatu, amma ni ne ɗan gida, shi baƙo. Ni da nake karanta babin haƙƙin maƙwabci, har ina samun maki mai kyau a kansa! Duk lokacin da na tuna, kunya nake ji kamar in nutse.

Ba kai ka ƙirƙiro dokar asali ba, na sani. Amma tallafin nan na ofishinka ne, kai ka sa masa sharaɗi, kai za ka iya cire shi. Munzali shekara ɗaya ta rage masa. Mahaifinsa ya yi ritaya, kuma ya riga ya gaya masa cewa in babu wani taimako, ya tattaro ya dawo kafin a koma karatu. Na ga ya fara ware littattafan da zai kai shagunan littattafai na Darrasa ya sayar.

Don haka ina roƙon abu biyu. A mayar da ma'aunin ya zama zama a mazaɓa, duk ɗalibin da aka haifa a cikinta ko yake zaɓe a cikinta a sa shi. In kuma an ce gurbi ya cika, to a cire sunana a sa na Munzali, tun kafin a rufe takardar. Ba alfarma nake yi masa ba, wurinsa ne na zauna.

Allah Ya ƙara maka lafiya, Ya ba ka ikon yin adalci tsakanin duk waɗanda suka zaɓe ka, Ya kuma yafe mini. Har yau Munzali yana zaton hadiminka ne ya soke shi, yana ma ba ni haƙuri kada in riƙe mutumin a rai. Na kasa gaya masa baki da baki. A wannan wasiƙar zai karanta, rana ɗaya da kai, kuma hularsa tana wurina har yanzu.

Wassalam.

Sagir,
Ainu Shams, Alƙahira.