Yaɓen Zauren Ɗanaudu

Manila, ƙasar Filifin.

Zuwa ga mai ɗakina Batulu,

Bayan sallama irin ta addinin Musulunci, ina fatan takardar nan ta iske ki lafiya, ke da mutanen gida duka. Yaya ƙafar taki? Ko har yanzu kina ƙin shafa maganin saboda warinsa? Ni lafiyata lau, sai wani zafi mai danƙo wanda wanka ba ya fidda shi. An yi bikin yaye Ni'ima lafiya, jikarki ta zama likita. Tana gaishe ki, ta ce kada ki sa rai da dawowar angonta, wato ni.

Tun bara na ji ƙishin-ƙishin wai ƙanena Attahiru na jiran in juya baya, ya rushe zauren kakanmu Ɗanaudu, ya jera shagunan bulo masu fuskantar kasuwar Lolo. Wanzami ya fara faɗa mini, aska na bisa maƙogwarona, ban sami damar girgiza kai ba. Na ce a raina, wanzami in bai ba da labari ba askarsa ba ta ci. Daga baya wani ɗan Malanbil mai kawo gari ya maimaita, shi ma na watsar. To yanzu na yarda. Dalilin yardata Attahiru zan rubuta wa da kansa.

Na faɗa wa Ni'ima ran Juma'a. Da safiyar Asabar sai ta ce in sa takalmi, za ta nuna mini maganin matsalata. Muka hau mota zuwa wani tsohon gari da ake kira Ta'al. Batulu, na ga ɓauna tana huɗa a fadamar shinkafa, yadda shanu ke yi a Geza. Ɓauna fa, wadda maharbanmu ke wa kirari. Na ga tafki mai dutse a tsakiya yana hayaƙi, mutane na shanya a bakinsa hankali kwance. Jiragen ruwansu an ɗaura musu gora dama da hagu don kada su kife. In masuntan kogin Kwara suka gani za su ce tsoro ne. Mun ci kifi da shinkafa fara fat, ba mai ba gishiri, na tuna miyarki.

Sannan ta kai ni gidan. Ƙasansa dutse, samansa katako, ya girmi kakana nesa ba kusa ba. Tagoginsa ba gilashi ba ne, ƙumbar teku ce aka fere siririya aka jera, haske na shigowa a hankali kamar ya nemi izini. Na tsaya bakin ƙofa na yi sallama. Shiru. Na sake. Turawa da 'yan ƙasa suna ta wuce ni suna shiga kamar kasuwa. Ni'ima ta ce in shigo, na ce ba ni shiga gidan mutum maigida bai amsa ba, ta je ta gaya masa baƙo ya zo daga Lolo. Ta yi dariya har da hawaye, kafin ta gaya mini gidan ba maigida. Jikokin masu shi sun watse birane, an bar shi don kallo.

Na shiga. Daɓen katako na ƙyalli har kina ganin fuskarki, da ɓawon kwakwa ake goge shi. Ga gado mai rumfa an shimfiɗa, ba mai kwanciya. Gwiwata ta dame ni bayan hawan bene, na ga kujera mai faɗi da igiya a gabanta, na ɗauka don yara aka sa. Na tsallaka na zauna. Sai ga wata mata ta taho tana ba ni haƙuri da hannu biyu, wai ba a zama. Kujerar da aka sassaƙa don zama! Na tashi. Na leƙa madafa, na ga tukwanen ƙasa irin namu bisa murhu. Na shafa bango da yatsa, ko baƙin hayaƙi bai kama ni ba.

Dabarar Ni'ima ita ce mu yi haka da zauren Ɗanaudu, a sa allo, a ja igiya, a kira shi kayan tarihi, sai Attahiru ya ji kunyar taɓa shi. Na gode mata, yarinya ce mai hankali. Amma na ce mata abin da na gani gawa ce da aka yi wa kyakkyawan wanka aka ƙi binnewa. Mutanen nan sun fi mu da abu guda, ba su rushe nasu ba, kuma na jinjina musu. Sai dai ni ba na son a riƙa zuwa kallon inda nake shan fura.

Don haka ga abin da nake so. Kada ki kwashe tabarmin zaure ko wa ya ce. Baƙin tsallake da ke kwana ciki jajibirin kasuwa su ci gaba da kwana, a kai musu tuwo kamar kullum. Ki sa a jiƙa makuba tun yanzu, ki aika garin Kurgu a gaya wa Ango magini ina son yaɓe kafin ruwan farko. In aka tambaye ki, ki ce ni na ce.

Ki gai da Asma'u da 'ya'yanta, da liman, da maƙwabta. Ki shafa maganin.

Naki har kullum,
Bunyaminu.

Manila, ƙasar Filifin.

Zuwa ga ƙanena Attahiru,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ina iyali, yaya kasuwa? Allah ya sa albarka a nema. Na sa Ni'ima ta ɗauki hoton takardar nan ta tura wa yaronka Shamsu, ya karanta maka a cikin zaure, ba a waje ba.

Na ziyarci wani tsohon gida a nan, Batulu za ta ba ka labari. Abin da na koyo shi ne gida ba ya mutuwa don tsufa, sai in an daina yi masa aiki. Daminar bara waccan ka ce a ɗaga yaɓe, ƙasa ba ta samu ba. Bara ka ce magini ya yi tafiya. Na ɗauka sakaci ne. Ashe so kake damina ta yi maka rabin aiki, bangon gabas ya tsage, ka ce haɗari ne ga jama'a. Dabara ce mai kyau, ban san kana da haƙuri haka ba.

Ba ni hana ka nema. Fegin da ke bayan rumbu naka ne, ka gina shago har ya taɓo gajimare. Na san ba ya fuskantar kasuwa. Mai son kayanka zai kewayo. Amma zauren da Ɗanaudu ya ɗora wa azara da hannunsa, ya rage tsawon ƙofarsa don kowa ya sunkuya in zai shiga, ba ya faɗuwa ina numfashi. Nan aka raɗa maka suna. Nan ka ɓuya ranar da ka saki jakin Baba cikin gonar mutane, ni na sha bulalar. Cibiyata da taka duk a bayan bangon nan suke, ban san ko a ƙarƙashin shago na nawa ka yi niyyar barinsu ba.

Na fasa tsayawa Legas. Ango zai kwaɓa ƙasa, ni zan taka da wannan gwiwa tawa, in ka ga dama ka zo ka miƙa. In kuwa ka riga ni ka sa diga, zan shimfiɗa tabarmata bisa tarin ƙasar, baƙi su kwana nan tare da ni, duk mai wucewa kasuwa ya tambayi dalili in gaya masa da Hausa da Dendi.

Na san za ka fara neman wanda ya kai ƙararka. Ka bar wanzami ya huta, ka bar matan gida. Ran Juma'a da ka kira ni ka yi mini barka da taro, ka ce Allah ya dawo da ni lafiya, ka sa wayar aljihu ba ka kashe ba. Na ji ka kana gaya wa mai tifa ya zo da yashi kafin tsoho ya dawo, azarar kuma a sayar wa mai gidan burodi ya yi wuta. Wanda ya faɗa mini na ƙarshe kai ne, Attahiru.

Ka gai da Safina da yara. Wassalam.

Yayanka,
Bunyaminu Ɗanaudu.