Rasuwar Baba Sojan Ruwa da Tutarsa da Ba a Maido Ba

Cikin alhini mai nauyi, da miƙa wuya ga hukuncin Allah Maɗaukakin Sarki, da kuma wani ɓacin rai da na daɗe ina haɗiyewa, Ƙungiyar Zumuntar Hausawa Mazauna Manfuha da ke birnin Riyad ta samu labarin rasuwar ubanmu, dattijonmu, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa ta, Alhaji Sha'aban Dawuda Yawuri, tsohon sojan ruwan Najeriya, wanda yaro da babba ke kira Baba Sojan Ruwa. Allah Ya karɓi ransa ranar Litinin bayan doguwar jinya, aka yi masa salla bayan La'asar, aka binne shi a nan Riyad. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Kwamiti ya aiko mini cewa in rubuta ta'aziyya kawai, in bar maganar tuta. Ni ban yi boko ba, kuma na san abin da ake faɗa a bayana, wai tsoho ya cika mita. To amma ni ne kakaki, sunana ne zai zauna a ƙasan takardar nan, kuma ba na sa sunana a kan rabin magana. Shekara uku ke nan ina tambaya a kowane taro ina tutar marigayi take, ana ce mini bukura, bukura, wato gobe, gobe, har mai tutar ya kwanta dama.

Marigayi Alhaji Sha'aban ya shiga aikin sojan ruwa yana saurayi, ya bauta wa ƙasarsa a jiragen yaƙi tun daga gaɓar Legas har zuwa Laberiya, ya ajiye aiki ba tare da tabo ba. Bai taɓa cewa ya yi yaƙi a ƙarƙashin ruwa ba, ba mutumin ƙarya ba ne. Abin da ya sha gaya mana shi ne, an tura shi kwas Turai, ya zauna da tsofaffin da suka yi yaƙin duniya cikin jirgin nan mai nitsewa ya yi tafiya a ƙarƙashin teku, su suka nuna masa al'adarsu. In sun dawo daga farauta lafiya, sai su ɗaga baƙar tuta mai ƙoƙon kan mutum, sun ɗinka mata farar sanda ɗaya kan kowane jirgin maƙiya da suka nutsar, da zobe kan wanda suka tsamo daga ruwa da rai. Wasunsu kuma tsintsiya suke ɗaurewa a bututun da suke leƙen saman ruwa da shi, alamar sun share fage ba su bar komai ba.

Da Allah Ya kawo shi wannan ƙasa mai tsarki ya zama tela a Manfuha, sai ya ɗauko al'adar ya gyara ta. Ya yanki baƙin yadi, bai sa ƙoƙon kai ba, ya ce Musulmi ba ya ɗinka sura. Bai sa sanda ba, ya ce mu ba mu zo nutsar da kowa ba. Zobe kaɗai yake ɗinkawa. Duk ɗan'uwan da kafili, wato ubangidan da ya kawo shi aiki, ya riƙe wa fasfo aka karɓo masa, zobe. Wanda iƙamarsa, wato takardar izinin zama, ta mutu aka gyara masa ta hanyar doka, zobe. Wanda ya faɗo daga gini muka yi jinyarsa har ya taka, zobe. Bai raba ɗan Kano da ɗan Maraɗi ko Damagaram ba. Kuma mai zoben ne da kansa zai zauna a shago ya zura zaren a allura, ko direba ne, ko lebura, ko mai digiri.

Ba wanda ya zauna a unguwar nan a ƙarshen 2013 da zai manta lokacin da titi ya rikice, ana jifa, ana fasa motoci, ba ka sanin wa ke bin wa. Marigayi ya tara samarinmu a benen da muke haya, ya ce kowa ya cire takalmi, a kashe waya, kada a leƙa taga, ko cokali kada ya faɗi, domin haka mutanen jirgin ke yi in maƙiyi na saman ruwa yana kasa kunne. Da ƙura ta lafa, mutumin gidanmu ko ɗaya bai yi ƙwarzane ba, ba a kuma kama kowa cikin rigimar da ba tasa ba. Ranar ce ya ɗaure tsintsiya a ƙofar shagonsa. Maƙwabcinmu mai baƙala, wato kantin kayan masarufi, ɗan Yaman, ya ɗauka sayar da ita ake yi, har ya taya.

Shekarar da ta biyo baya, da masu ta'addanci suka fito da tasu baƙar tutar, duniya ta gani, shugaban ƙungiya, mai girma Alhaji Zayyanu, tare da sakatare Malam Musbahu, suka zo shago suka ce baƙin ƙyalle a bango zai jawo mana tambayar da ba za mu iya amsawa ba. Ban ce tsoronsu ƙarya ne ba. Mu baƙi ne, muna girmama dokar Masarauta. Marigayi da hannunsa ya sauke ta, ya naɗe, ya miƙa musu amana, a kan in an kwana biyu za a maido masa ya ajiye a akwati. Ina tsaye a wurin. Daga ranar bai ƙara ɗinka zobe ba, kuma ko a gadon asibiti sai da ya tambaye ni ita.

A madadin ɗaukacin 'yan ƙungiya, muna miƙa ta'aziyyarmu ga mai ɗakinsa Hajiya Hansai, da 'yarsa Malama Rabi'atu, da 'yan'uwa da ke Yawuri, da tsofaffin abokan aikinsa. Allah Ya jiƙansa, Ya haskaka kabarinsa, Ya sa Aljanna Firdausi ce makomarsa. Allah Ya ba iyalinsa haƙuri da juriya, Ya tsaya musu a inda ya bari.

Jama'a su sani, zaman Hajiya Hansai a ƙasar nan a kan iƙamar mijinta yake, yanzu kuwa ana shirya mata fita ta ƙarshe, a gida za ta ƙarasa takaba. Kabarin mijinta a nan zai tsaya, ba suna a kansa, ba kuma lalle ta sake ganinsa ba. Ba ta roƙi ƙungiya komai ba sai wannan ƙyallen, ta ce shi za ta nuna wa jikokinsa. Ta haɗa kayanta, ta bar akwati ɗaya a buɗe.

Wani ya ce mini tutar tana gidan shugaba a unguwar Badi'a. Wani ya ce an ƙone ta tun a makon da aka karɓa. Alhaji Zayyanu, Malam Musbahu, ku 'ya'yana ne a shekaru, kuma kowannenku yana da zobe a jikinta, ni na riƙe muku yadin kuna zura zare. In tana nan, ku kai wa Hajiya kafin mu raka ta filin jirgi. In kun ƙone ta, kada ku aiko mini kowa. Wanda ya ƙyasta ashanar ya zo da ƙafarsa ya faɗa mini, sannan mu tafi tare ya faɗa mata, domin ni ba zan ɗauki wannan saƙon ni kaɗai ba. Ina zaune a ƙofar shagon marigayi daga Azahar zuwa Magariba, kullum, har sai ɗayanku ya amsa mini.

Sa hannu:
Alhaji Dalhatu Maiwada Gumel
Kakakin Ƙungiyar Zumuntar Hausawa Mazauna Manfuha, Riyad