Tambayar Rakiya a kan karan rogo

Laraba, bayan isha'i

Ɗalibai kan ɗauka kowace ƙwayar halitta da DNA ɗinta daban. Yau ni da kaina na faɗi haka a aji.

Rakiya 'yar garin Kwandere ta ce, "Malama, to ya karan rogo yake fid da saiwa in an dasa?"

Na ce, "Zauna, nan ba gona ba ce." Aka yi mata dariya, ba ta ƙara ɗago kai ba.

Ita ke da gaskiya, kuma na sani. DNA ɗin kara da na saiwa ɗaya ne, kowace ƙwaya tana kulle sassan da ba nata ba, ta gadar wa 'ya'yanta kullin. A rogo kullin yana iya buɗewa.

Tuwo ma na kasa ci. Gobe zan ba ta haƙuri a gaban kowa, in ce kowannensu ya dasa kara a gwangwani ya gani.