Hannayen Matar Auta

Alhamis, 6 ga Maris
Masu ta'aziyya sun fara raguwa. Jikana, Angona kamar yadda nake tsokanarsa, ko yaye ba a yi masa ba. Allah Ya sa mai ceto ne.

Asabar, 8 ga Maris
An sallamo matar ɗana Auta daga asibiti, hannayenta biyu a ɗore. Tana gaban mota da yaron a cinya, Auta na tuƙi, wata mota ta shigo musu a mahaɗa. Su biyu sun ɗaura bel, sun tsira. Yaron kuwa ya tafi ta gilashi.
Na ce mata sannu. Iyakar abin da bakina ya iya.

Talata, 11 ga Maris
Auta ya koma kwana a falo. Na ji shi ta bango: "Riƙewa kawai! Me aka ce ki yi banda riƙewa?" 
Na san ajali ba ya jinkiri, tun ina riƙe da allo na san haka. Amma idona sai ya koma kan hannayen nan. Astagfirullah.

Lahadi, 16 ga Maris
Maƙwabciya ke ba ta abinci a baki. Ni nake dafawa, in ajiye a bakin ƙofarta.
Yayanta ya yi waya, wai zai zo ya ɗauke ta ta huta a gida. Kowa ya san irin hutun. Auta ya ce to.

Laraba, 19 ga Maris
Ba mai raka ta ganin likitan ƙashi, sai ni. Likitan ya ɗaga hoton ƙashin a haske. Ban yi niyyar magana ba, na ji bakina na cewa, "Likita, da ta ƙara ƙanƙame shi fa?"
Ya cire tabarau. "Mama, ko ɗan dambe ne. Mota in ta tsaya cak, na cikinta ba su tsaya ba. Ko da gudun cikin gari, yaron da kike ɗagawa da hannu ɗaya nauyinsa kan fi na ƙato biyu. Kujerar yara da ake ɗaurewa a baya ce kawai ke iya riƙe shi."
Sai ya nuna karayar da biro. Ya ce a ganinsa hannayen na rufe a gabanta lokacin da suka daki gaban motar. "Ba ta saki ba."
Tana nan zaune, kanta a ƙasa.
Kujerar kuwa akwai ta. Tana falo, a ciki ake zaunar da yaron a ba shi abinci. Duk gidan ba wanda ya taɓa tunanin kai ta mota.

Alhamis, 20 ga Maris
Na faɗa wa Auta yadda likita ya faɗa, ban ƙara ba, ban rage ba. Ya ce, "Mama, don Allah ki bari." Ya fita ba takalmi.

Asabar, 22 ga Maris
Yayanta ya zo da safe, ya tarar ina tsefe mata kai. Kitson ya daɗe, ya cukurkuɗe, abin da ya sa ke nan.
Ta ce, "Mama, bari in sa mayafi, yana jira."
Na ce zauna, 'yar nan, wa zai fita da rabin kai?
Na leƙa na ce masa ya koma, ma kira shi. Ya ce yaushe. Na ce kan da yawa.
Ruwan wanke kan ma ban san wa ya dafa ba. Na dai ga bokitin a ƙofar ɗakinta, da takalman Auta a gefensa.