Ku dafa alkamar ban da ni

Milutin, raggon jikana,

Gaisuwa daga Torino. Ya ƙafar mamanka? Har yanzu ba a samu mai tausayin da za ta aure ka ba?

Mu lafiya lau, sai dai baffanka Zoran ya daina cin abinci sosai. Tauraron ɗan adam ɗin da masana'antarsu ta ƙera yana nan lulluɓe kamar gawa. Ana ta raɗe-raɗin kamfanin da ya saya bai biya ba. Maƙwabcinmu Ettore mai tabarau ya zuba fanshonsa a hannun jarin kamfanin, kullum sai ya kawo mini cuku, wai in yi masa duba a gindin kofin gahawa.

Ya ce, "Uwata, in sayar ko in riƙe?"

Na ce, "Jaki nake gani da tabarau."

"Shugaban kamfanin ne?"

"Matso ka duba da kyau."

Shi ya yi dariya, Zoran bai yi ba. An rage musu aiki, motar da zai kawo ni gida ma ya sayar.

Don haka ranar addu'ar cika shekara da rasuwar kakanka, ku dafa alkamar sadakar ban da ni. Ku cika sukari, ƙarya yake da yake cewa ba ya so. Ka je kabarinsa ka ce ina tafe. Bai taɓa iya jirana ba, yanzu sai ya koya.

Allah ya yi maka albarka.

Kakarka,
Radojka