Kada a Taɓa Ɗakin Inna

Japan, watan Afrilu

Zuwa ga Yaya Cima,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da kyau, ke da Malam Habu da yara. Ya ƙarin haƙurinmu? Allah ya jiƙan Inna, ya sa ta huta. Na rubuta ne na ɗauki hoton takardar na turo miki, don duk sanda na kira ki a waya muryata ƙin fita take yi.

Yaya, har yau ban yarda ba. Na baro ta bakin ƙofa tana yi mini faɗa a kan rigar sanyi, na taho karatun gini na shekara guda, sai kawai aka ce mini an kai ta. Ban ɗauki makara ba, ban zuba ƙasa ba. Abin yana cina.

Satin da ya wuce malamanmu suka kai mu wani ɗan tsibiri cikin jirgin ruwa. Samarinsa duk sun watse birane neman aiki, kamar Tamaske da rani, tsofaffi kaɗai ake gani da kyanwoyi. Sai aka cika shi da gidajen kallo. Tun daga bakin ruwa akwai wata ƙatuwar kabewa da aka ƙera, mai ɗige-ɗige, mutane na layi su ɗauki hoto da ita. Da Inna ce, sai ta tambaya miyar gidan wa za a yi. Akwai gidan da aka binne cikin tudu, siminti sumul, ba fitila, hasken sama ke shigowa ta rufi. Sai ka cire takalmi kamar a masallaci, kuma ba mai ɗaga murya.

Amma abin da ya karya mini zuciya tsofaffin gidajen katako ne na cikin gari, waɗanda masu su suka mutu. Ba a rushe su ba, har baƙin hayaƙin murhu yana nan, kuma ko'ina an rubuta kada a taɓa. Na kai hannu ga wani ginshiƙi, wata ma'aikaciya ta sunkuya ta roƙe ni in janye. Nan na tuna ɗakin Inna, da yaɓen da ta yi bara, sawun yatsunta tun daga ƙasa har inda tsawonta ya kai, da tafin hannun da ta danna gefen ƙofa. Abin da ya rage mini nata ke nan.

Na san lokacin yaɓe ya kusa. Don Allah, don Annabi, bana kada a taɓa ɗakin nan. A bar mini shi in zo in gani da idona.

Ƙanenki,
Halidu

Tamaske, watan Mayu

Zuwa ga autan Inna,

Wa alaikumus salam. Lafiyarmu lau, sai zafi, Malam Habu da yara suna amsawa. Haƙuri da godiya. Kabewarku ta ba ni dariya, ita ce dariyar farko da na yi tun rasuwa, sauran takardar kuwa ta sa ni kuka.

Auta, kai ne ɗan lakkwal mai karatun boko, ni yaƙi da jahilci kawai na yi, amma ɗakin laka ba ɗakin katako ba ne. Kowace shekara sai an ba shi ƙasa, in ba a ba shi ba ruwa ya cinye shi. Kana ƙarami kai kake taka mana laka da ramno, busasshiyar ciyawar nan da ake gaurayawa, ka manta? Kuma ɗakin da ba mai kwana ciki ya fi saurin lalacewa, ba mai ganin tsaga, ba mai share indararo.

Jiya Baba Zali, ƙawar Inna, ta zo da matan unguwa, sun jiƙa ƙasa tun farkon sati don su yi mata wannan aiki sadaka. Na karanta musu takardarka. Baba Zali ta ɗora hannu a haɓa ta ce, “Cima, ɗiyata, mi Halidu yas sani ga laka? Wanga ɗaki in ba a yaɓe shi ba bana, ba shi kai kaka. Uwarku Lantana da kanta da ta ji wanga zance, da ta ɗauko mai muciya.”

Na ba su haƙuri na ce su jira amsarka. Hadari ya fara leƙowa daga gabas. Ka yi tunani, ƙanena, ni ma uwata ce.

Yayarka,
Cima

Japan, watan Mayu

Yaya,

Bayan gaisuwa. Na ji zancen Baba Zali, ki gaishe ta, amma yaɓe mai kyau yana jure damina biyu, wannan abin da nake karanta ne. Ku sa tampol bisa rufi, ku danne da duwatsu. Ku kun yi mata wanka, kun ga fuskarta. Ni ba ni da komai sai bangon nan. In aka shafe shi, ban san ko zan iya sake shiga gidan ba. Ban taɓa roƙon ki wani abu haka ba.

Ki huta lafiya.
Halidu

Japan, watan Agusta

Yaya Cima,

Assalamu alaikum. Tun da kika ce mini an sa tampol ban sake jin ki ba, waya ba ta shiga, hankalina ya tashi. Allah ya sa lafiya.

Na koma tsibirin nan ni kaɗai, ban sani ba ashe ranar da ake rufe gidajen ce. Na zagaya bayan gidan da aka hana ni taɓawa, me zan gani? Tsofaffin garin ne a kai da tsani. Wani yana ciro ruɓaɓɓen katako yana sa sabo, wata tsohuwa tana cike tsagar bango da taɓo. Na tambayi mai kula da wurin, ya ce haka suke yi kullum, iskar teku ba ta barin gida ya zauna. Baƙi ake hana taɓawa, Yaya. Masu gida hannunsu ba ya barin jikinsa. Ni na zo a baƙo, na karanta dokar baƙi, na aiko miki da ita.

Ki kira Baba Zali yau, ko tsakanin ruwa da ruwa ne a yaɓe. Don Allah ki amsa mini.

Ƙanenki,
Halidu

Tamaske, watan Agusta

Halidu,

Wa alaikumus salam. Kowa lafiya, ba wanda ya ji ciwo, wannan na fara gaya maka. Waya ta ɗauke mana ne tun da aka yi ruwan.

Takardarka ta iske ɗakin a ƙasa. Ruwa munka samu kamar da bakin ƙwarya, da iska. Tampol ɗin ya tara ruwa bisa rufi, ya toshe indararo, ya dinga zubowa kan bangon gabas wanda dama ya tsage. Ina tsaye da Malam Habu bangon ya zauna, ya ja rufi, ya ja gefen ƙofa. Na kutsa cikin ruwan ina neman wurin hannun. Na same shi, na ɗauko, ya narke mini a hannu.

Ba zan ɓoye maka ba, na yi fushi da kai, na yi fushi da kaina da na bi maganarka alhali na fi ka sanin ɗakin. Yanzu fushin ya wuce, baƙin cikin ne ya ƙi wucewa.

Abu guda na gani da nake so ka sani. Inda bangon ya tsage, yaɓen ya fito hawa-hawa, na bara kan na bara waccan, har can ciki. Baba Zali ta nuna mini wani ja mai kauri ta ce, “Wanga na kakarku ne, ita ka son jar ƙasa.” Ashe Inna ma ta rufe hannun tsohuwar da ta iske a ɗakin, ba ta tsaya kallo ba. Da mun yaɓe, da nata yana ciki lafiya lau.

Ƙasar ban bari ruwa ya tafi da ita ba, mun tara ta wuri guda. Ka yi mata addu'a, ka ci abinci.

Yayarka,
Cima

Tamaske, watan Disamba

Auta,

Salamu alaikum. Ina ganin takarduna suna isa, amsa ce ba na gani. An ce karatunku ya ƙare.

An yi girbi, Malam Habu ya sa an tada bangon da ƙasar nan tata. Mun yaɓe ko'ina, sai gefen ƙofa na hana a taɓa, daidai faɗin tafin hannu. Na san yaɓe aikin mata ne, amma Baba Zali ta ce a bar ka ka danna hannunka. Wurin yana jiran ka har hadarin farko. In ka zo, laka na jiƙe. In ba ka zo ba, Halidu, ba zan sake jira ba, nawa zan sa.

Allah ya kawo ka lafiya.

Yayarka,
Cima