Abin da Ya Rage a Kyamarar Baba

Jibiya, ranar Lahadi

Zuwa ga Yayana Badaruddeen,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kana lafiya, kai da Anti Mufida da jaririnku Kalilu, mai sunan Baba. Yaya Maraɗi, yaya ƙarin haƙurinmu? Mu nan lafiya lau, sai dai Inna har yanzu ba ta cin abincin kirki.

Na rubuto ta hannun direban Magama mai zuwa Maraɗi ne don ka san Inna, waya na yin ƙara take kasa kunne, kuma ba na so ta ji maganar nan tukuna.

Ka ce in nemo maka hoton Baba don yaron ya tashi ya san fuskar mai sunansa. Yaya, na birkice akwatinsa kaf. Hotuna fal, direbobi, fatake, 'yan biki, amma nasa babu, sai na wani tsohon katin shaida da ya koɗe har ba a gane hanci. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana ɗaukar hoton masu ƙetare iyaka, shi bai taɓa yarda a ɗauke shi ba. Abin ya yi mini ciwo.

Yau na kai tsohuwar kyamararsa shagon kayan hoto na Alhaji Yusha'u, inda yake sayayya, don a sa mata batir. Ita ce wadda ya ƙi rabuwa da ita ko bayan ya sayi ta zamani. Da karambanina na kama murfin baya zan buɗe, Alhaji ya daka mini tsawa har masu sayayya suka waiwayo. Ashe akwai fim a ciki, haske na taɓa shi zai ƙone. Ya naɗe shi a hankali ya cire, ya ce sai an aika Kano a wanko.

Ni dai zuciyata ta ba ni Baba na ciki. Har firam na saya mai ruwan goro, Alhaji na mini dariya wai na riga malam masallaci. Ka taya ni addu'a.

Ƙanwarka,
Salmatu

Jibiya, ranar Alhamis

Yaya Badaruddeen,

Sallama da gaisuwa, da fatan kowa lafiya. A shafa mini kan Kalilu.

Hotuna sun iso. A shagon na tsaya na duba su ɗaya bayan ɗaya. Matafiya ne, sai wani mai raƙumi. Fuskar Baba babu, Yaya. Na so in mayar da firam ɗin, kunya ta hana ni.

Na ƙarshe hoton Inna ne a tsakar gida da hantsi, tana tankaɗe, ba ta ma san an ɗauka ba. Shi na ba ta, na gaya mata komai. Ta daɗe tana kallo, sai na ga ba fuskarta take kallo ba, ƙasan hoton take kallo. Ka tuna yadda Baba ke mana faɗa, mai ɗaukar hoto rana yake ba baya? To inuwarsa ce kwance a ƙasa, doguwa, ta kai har tabarmar Inna. Ga hular nan a karkace kamar kullum, ga kafaɗar nan da ya saba ɗagewa. Ni na dube shi a shago ban lura ba.

Inna ta ce ko cikin dubu ta gane shi, kuma dama a inuwar nan ta zauna tun tana amarya. Ita ta sa shi a firam da hannunta, ta rataye a ɗakinta. Ranar ta cinye tuwonta tas.

Don haka ka yi haƙuri, ba zan iya aiko maka ba. Inna ta ce ka kawo mata Kalilu, ita za ta nuna masa kakansa.

Ƙanwarka mai ƙaunarka,
Salmatu